Bututun Mushe Idi da Faɗuwar Sarakuna

Bani Malik, Jidda

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya saba ganin fuskarki kowace safiya, ga shi zai fara koyon rashinta. Allah ya tsare miki hanya sama da ƙasa, ya sauke ki Yamai lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga bakin jirgi. Ya tsare lafiyarki da imaninki da hankalinki, ya sa albarka a karatun da ya raba mu.

Na ba Ummanki takardar nan ta sa miki cikin kaya, don na fi son ki karanta ta bayan kin sauka. Da Hausa na rubuta, ko da yake na san Larabci ya fi miki sauƙi. Inda kika kakare ki ɗaga murya ki karanta, domin kunnenki ya fi idonki jin Hausa. Akwai maganganun da ba sa fita daga bakina sai da harshen da uwata ta yi mini faɗa da shi, uwar nan da kika ci sunanta.

Kin tuna farkon shekarar nan, lokacin da Tunis da Masar suka tashi, muna zaune gaban talabijin bayan magariba? Kika juyo kika ce, "Baba, wallahi ban gane ba. Jiya mutanen nan suna tsoro, yau halas, babu tsoro. Daga ina suka samo wannan zuciya?" Na ce miki, "Yalla, sauya tasha, ba ruwanmu." Kika sauya, ba ki ƙara tambaya ba. Ina da amsa a ranar, Ummi. Tun ina sa'arki aka ba ni ita. Zan ba ki ita yanzu, tare da inda na yi tuntuɓe da ita, don ki san wuraren da za ki ɗaga ƙafa.

Lokacin da nake ɗalibi a lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, muna da malamin kimiyya da muke kira Mushe Idi, wato Malam Idi da faransanci. Siriri ne, mai tari, rigarsa kullum da farin alli a aljihu. Wata rana ya ce mu same shi bayan sallar magariba a filin ƙwallo. Muka tarar ya ɗora wani dogon bututun kwali a kan kujera, ya manna gilasan tabarau biyu a bakunansa da ƙaro. Muka yi ta dariya. Ya saita shi ga wani tauraro mai haske, ya ce, "Wannan shi ne Mushtari. Ku zo ɗaya-ɗaya, kowa ya faɗa mini abin da ya gani. Ban ce abin da ya ji ana faɗa ba."

Da layi ya zo kaina na sa ido, da farko ban ga komai ba sai rawar haske. Can ya tsaya. Na ga ɗan farin ƙwallo, a gefensa wasu 'yan ɗigo a jere kamar 'yan tsaki bayan kaza.

Mushe Idi ya zauna a ƙasa, muka kewaye shi. Ya ce watanni ne, na Mushtari, shi suke zagayawa. Ya ce a ƙasar Italiya, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wani malamin lissafi ya ji labarin masu yin tabarau sun haɗa irin wannan bututu, shi ma ya haɗa nasa ya duba sama. A zamaninsa manyan malamai sun gama yanke cewa duk abin da ke sama ƙasarmu yake zagayawa, haka littattafan magabata suka ce, haka fada da coci suka tsaya a kai. To ga wasu watanni suna zagaya wani abu daban. Ya ce wa manya su zo su leƙa. Wasu suka ƙi ko sa ido. Daga baya aka gurfanar da shi, aka sa ya janye maganarsa, aka tsare shi a gidansa har ya mutu.

Abokina Lawali, wanda muke kwana ɗaki ɗaya, ya ce, "Mushe, to ai sun ci shi ke nan."

"Shi sun ci shi," in ji Mushe Idi. "Amma bututu ba ya jin tsoron alƙali. Kowa ya samu gilashi biyu zai ga abin da kuka gani. Gani ya kori ji. Daga ranar da talaka ya gane idonsa na iya ƙaryata babban littafi, an buɗe ƙofar da ba ta rufuwa."

Duk shekarar nan, in ya gama darasi da saura lokaci, sai ya ci gaba da ba mu labarin. Ya ba mu na wani Bafaranshe da ya zauna shi kaɗai ya ce zai ajiye duk abin da aka koya masa, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, kamar mace mai tsince tsakuwa a shinkafa, ba zai mayar da komai cikin tukunya ba sai ya tabbatar da shi. Ya ba mu na wani Baturen Ingila da ya nuna da lissafi cewa ƙarfin da ke faɗo da ɗan itace ƙasa, shi ne dai ke riƙe da wata a hanyarsa. Doka ɗaya ce ga na sama da na ƙasa.

A nan Mushe Idi ya ajiye alli ya dube mu. "To ku sa kanku a matsayin mutanen wancan zamani. An ce muku sarki daban yake, Allah ne ya ɗora shi, babu mai tambayarsa. Jinin masu sarauta daban, na talaka daban. Sai ga shi wata da ɗan itace ma doka ɗaya ke mulkinsu. Me za ku tambaya?"

Lawali ya ce, "Me ya sa mu namu dokokin biyu ne?"

"Abin da suka tambaya ke nan."

Ya ce wani likita a Ingila, abokin masu binciken nan, ya rubuta cewa mulki amana ce da jama'a suka ba mutum don ya tsare musu rai da dukiya, in ya ci amanar suna da ikon karɓe kayansu. Maganar ta riƙa yawo daga littafi zuwa littafi, daga ɗakin shan gahawa zuwa kasuwa, har ta kai ga mutanen da ba su taɓa leƙa bututu ba. Da yunwa ta haɗu da wannan tunani a Faransa, suka tumɓuke sarkinsu, ƙarshe suka sare masa kai. Bayi baƙar fata a wani tsibiri da Faransa ke mulka suka ji ana cewa duk mutane daidai suke, suka ce to mu ma mutane ne, suka tashi suka ƙwaci kansu.

Amsar tambayarki ke nan, Ummi, gwargwadon abin da na sani. Zuciyar da kika gani a talabijin ba a dandali take farawa ba. Tana farawa ne ranar da mutum ya saba tambayar "ta yaya aka sani?" a kan ƙaramin abu. Wanda ya saba yi wa tauraro wannan tambaya, wata rana zai yi wa mai mulki. Karatun kimiyyar da za ki yi, ba lissafi kaɗai za ki kwaso ba, har da wannan hali. Shi ya sa nake murna, shi ya sa kuma barcina ya ragu.

Kuskurena na farko a gida na yi shi. Kakanki manomi ne, yana kuma limancin ƙaramin masallacin ƙauyenmu. Duk hutun da na zo, sai ya shimfiɗa buzu a gindin bedi, itacen dogonyaro, ya ce, "Zo ka ba ni abin da aka ba ku a lakwal," wato makarantar boko. Yana son ji ƙwarai. Na ba shi labarin teku, na ba shi na ƙwayoyin cuta, yana kaɗa kai yana cewa ikon Allah.

A wani hutu aka yi husufin wata da farkon dare. Yara suka fito suna kaɗa gwangwani da tsofaffin kwanoni, wai rana ta kama wata, a roƙe ta ta sake shi. Baba ya tara mutane za a yi salla. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar fili, gaban dattawa, na yi dariya da ƙarfi. Na ce babu wanda ya kama wani, inuwar ƙasa ce, ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba za ta wuce. Ban tsaya nan ba. Na ce irin wannan duhun kai ne ya sa Nasara suka mulke mu. Na faɗi haka gaban mutumin da har ya mutu akwai tabon igiya a kafaɗarsa, na kayan da aka tilasta masa ɗauka zamanin aikin dole.

Baba ya juya ya shiga gaban sahu. Ya ja sallarsa, watan ya washe, kowa ya shiga gida. Washegari ya gaisa da ni kamar kullum. Amma bai sake shimfiɗa buzu ya ce in ba shi abin da aka ba mu a lakwal ba. Na jira har hutu ya ƙare. Na jira a hutu na gaba. Shi ke nan.

Maganata a kan inuwa gaskiya ce, har gobe. Amma na ɗauki gaskiya na yi sanda da ita. Da na bari sai da safe, na ɗauko fitila da lemo biyu na nuna masa a gindin bedi, na tabbata da ya ce ikon Allah, ya kira maƙwabta su gani. Za ki shiga gidajen dangi da ilimin da ba su da shi, Ummi. Za ki ji ana faɗin abin da kin san ba haka ba ne, a kan cuta, a kan haihuwa, a kan sama. Kada ki haɗiye gaskiya, amma ki nema mata lokaci da wurin zama. Wanda kika kunyata gaban jama'a ba zai koyi komai a wurinki ba, sai dai ya koyi guje miki. Ki kuma tuna mutanen da suka rubuta cewa kowa daidai yake, jikokinsu ne suka sa wa kakanki igiya. Ki karɓi kyakkyawar magana ko daga ina ta fito, amma kada ki ɗauka mai faɗinta ya fi naki daraja.

Na biyun ya fi nauyi, don ba ni kaɗai ya taɓa ba. Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, soja suka karɓi mulki. Abincinmu na makaranta ya lalace, tuwo kamar ruwa, miya babu mai. Muna yara, cikinmu da yunwa, kanmu cike da labarin Faransa. Sai magana ta bazu cewa mai riƙe da siton makaranta, wani dattijo da ake kira Malam Tanko, shi ke fitar da shinkafarmu yana sayarwa a kasuwa. Aka ce za a yi yaji, a fita zanga-zanga. Da yake na fi kowa iya faransanci, ni aka ba rubuta takardar da za a raba. Na zuba duk manyan kalmomin da na haddace, amana, 'yanci, haƙƙin jama'a. A tsakiya na sa sunan Malam Tanko.

Lawali ya karanta, ya ce, "Kai, ka ga ya fitar da buhun?"

Na ce, "Kowa ya sani."

"Ban ce kowa ba. Kai."

Na ce masa yanzu ba lokacin wannan ba ne. Ya miƙo mini takardar, don ba ya son a ce ya ja da baya.

Muka fita da safe muna waƙa, har gaban ofishin manya. A hanyar dawowa wasu suka karkata gidan Malam Tanko. Ina nan a baya ina kallo aka fara jifa. Ya fito yana ɗaga hannu yana cewa, "'Ya'yana, ku tsaya ku ji," aka ture shi ya faɗa kan turmi, ƙugunsa ya karye. Ba a yi mako ba aka gane buhunan ba su taɓa isowa sitonsa ba, tun a sama aka karkatar da su. Shi abin da aka kawo masa yake aunawa.

Jandarma suka zo suka kwashi waɗanda aka ce su ne shugabanni, har da Lawali. Mushe Idi aka ce shi ya lalata mana kai, aka tura shi can arewa cikin hamada. Ni ana nemana saboda takardar. Kafin in gudu na je gidansa, na same shi yana ɗaure littattafai da igiya. Na zaci zai yi mini faɗa. Ya ɗago ya ce, "Ka leƙa siton?"

Na ce a'a.

"Yana da nisa ne?"

Na ce a'a, Mushe. Bayan kicin yake.

Ya ci gaba da ɗaurinsa. Da zan fita ya ce, "Su ma na Faransa, da suka gama da sarki, sai da suka sare kan babban masanin da ya gano abin da ke cikin iskar da muke shaƙa. Na ba ku wannan ma, amma ba ku rubuta shi ba. Allah ya tsare hanya."

Na shiga bayan motar gyaɗa zuwa Kano, daga can na bi ayarin masu zuwa hajji ta ƙasa, Chadi, Sudan, har jirgin ruwa ya sauke ni a garin nan. Ban sake ganin Mushe Idi ba, ban sake ganin Baba ba.

Ki ji ni da kyau a nan. A jami'a za ki tarar da masu yaji da masu taro, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Ba zan ce kada ki shiga ba, don na san ɗiyar da na haifa. Abin da nake roƙo, tambayar da za ki yi wa gwamnati, ki yi wa abokanki irinta, ki yi wa kanki wadda ta fi ta tsanani. Labarin da ya fi yi miki daɗi, shi za ki fi bincika. Kalmar "kowa ya sani" ita ce dai aka faɗa wa mai bututun Italiya, ni kuma na faɗa wa Lawali. Kada hannunki ya rubuta sunan mutum a kan laifin da idonki bai gani ba. In taro ya juya daga neman haƙƙi ya nufi ƙofar wani, ki tsaya ki ce a'a, ko ke kaɗai ce. In ba za ki iya ba, ki fita daga cikinsu, ki je ki nemo wanda zai iya.

Shekaru da yawa bayan haka, kina 'yar firamare, Lawali ya zo hajji. Ya yi ta tambaya a unguwannin 'yan Nijar har aka kawo shi shagon tabarau da nake aiki. Ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Haƙoransa na gaba babu, a tsare ya bar su. Ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a ƙauyuka, idonsa ya yi rauni. Na zaunar da shi a kujera ina sauya masa gilashi, ina cewa, "Wannan ko wannan?"

Na kasa tambaya, shi ya fara. Ya ce Malam Tanko ya tashi, amma da sanda ya ƙare rayuwarsa, yana sayar da goro a tasha. Ya ce shi da aka sake shi daga tsare ya je ya durƙusa gaban Malam Tanko ya nemi gafara a madadinmu duka. Dattijon ya ce ya yafe, sannan ya tambaya, "Shi yaron da ya rubuta fa, yana ina?" Lawali ya ce an ce yana wajen Makka. Dattijon ya ce, "To madalla. Ka aika masa ya yi mini addu'a a can, ya fi mu kusa."

Tun daga ranar ban yi ɗawafi ba tare da na ambaci sunansa ba. In kin taɓa jin ina cewa Tanko a hankali kina gefena, to shi ne.

Na tambayi Lawali labarin lokacin da jama'a suka matsa har soja suka yarda aka zauna taron ƙasa. Na ce, "Ashe kun ci nasara." Ya gyara sabon tabaransa ya ce, "Ba mu ba. Yaran da muka koyar. Mu mun so mu shuka da safe mu girbe da la'asar." Sannan ya tuna mini lissafin da Mushe Idi ya taɓa sa mu yi, cewa tsakanin bututun Italiya da faɗuwar sarkin Faransa an kusa shekara ɗari biyu. Waɗanda suka fara ba su ga ƙarshen ba, da yawansu ma ba sarki suke nufi ba, taurari kawai suke dubawa. Don haka in kin ga abu bai sauya ba a shekarunki na jami'a, kada ki ce aikin banza ne. Ki yi karatunki da kyau. Awon da kika yi daidai, kika ƙi gyara shi don ya faranta wa malami, yana cikin aikin.

Kuskure na uku a kanki na yi shi, kuma shi ne ya fi daɗewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da na samu kafili, ɗan ƙasa mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, na auri Ummanki daga unguwar Ruwais, na yi wa kaina alkawari ba zan sake buɗe baki a kan komai ba. Baƙo ne ni, takardata a hannun wani take. Na yi shekaru ina yanka gilashi don mutane su gani da kyau, ni kuwa ina koyon kawar da kai. Da shirun ya tsaya a kaina da sauƙi. Sai na shigo da shi gida.

Kina ƙarama ba kya gajiya da tambaya. A bakin teku kin tambaye ni me ya sa wata ke bin motarmu, na tsaya na yi miki bayani har Ummanki ta gaji ta ce, "Halas, ya sheikh, yarinya ce." Irin waɗannan ina amsawa da daɗi. Amma ranar da kika gama sakandare, kika zo da sakamako a hannu, kika ce, "Baba, na fi ƙawata maki, a asibiti ɗaya aka haife mu, ita 'yar ƙasa ta samu gurbi a jami'a, ni an ce ba ni da hanya. Me ya sa?" sai na ce miki, "Haka Allah ya so."

Kika dube ni, kika ce, "Na'am, Baba," kika shiga ɗaki.

Komai da nufin Allah yake, wannan babu shakka. Amma ba don tauhidi na faɗa ba, don in rufe miki baki ne. Ƙa'idar da ta hana ki, mutane ne suka zauna suka rubuta ta, suna da dalilansu, masu kyau ko marasa kyau, kuma abin da mutum ya rubuta ana iya tambayarsa. Na ɗauki aikin mutane na jingina wa Ubangiji don kada a tambaya. Abin da sarakunan can suka yi ke nan, ni da na san labarinsu tun ina saurayi.

Ke kika gyara mini, ba ki sani ba. Shekarar da ruwa ya ci unguwannin gabashin Jidda, kika dage sai kin bi 'yan matan da ke raba abinci da barguna. Na hana, na ce mu baƙi ne, kada a ga fuskarki a inda ake gunaguni. Na ce ruwa na Allah ne. Kika ce, cikin Hausarki mai ɗingishi, "Ruwa na Allah ne, Baba. Magudana ta mutane ce." Ummanki ta sa baki, "Bar ta ta je, ni zan raka ta." Kuka tafi, kuka dawo da laka har gwiwa. Ban yabe ki ba a ranar. Ina yabonki yanzu.

Ki bambance biyun nan duk inda kike. Abin da Allah ya saukar, ki karɓa da haƙuri. Abin da mutum ya ƙulla, ki tambaya da ladabi, ki nemi hujja, kada ki yarda a rufe shi da sunan Allah. Addininki ba ya tsoron tambaya. Malaman Musulmi sun auna haske sun lissafa taurari tun kafin waɗancan, suna tashi daga awo su yi alwala. In Allah ya ba ki 'ya'ya, kada ki amsa musu tambayar wata ki hana su ta ƙasa. Tsoro na da amfaninsa, shi ya ciyar da ku ya tufatar da ku a ƙasar da ba tamu ba, ba zan zage shi duka ba. Amma nawa ne, na zamanina da halin da na shiga. Kada ki ɗauke shi cikin kayanki.

Sauran ƙanana ne. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki sha maganin sauro tun kafin damina, jikinki bai san zazzaɓin can ba. Za su yi dariyar Hausarki, su ce Balarabiya, ki yi dariya tare da su, wata uku za ta miƙe. Ki riƙa kiran Ummanki ranar Juma'a. Tana nuna ƙarfin hali, amma jiya na same ta a ɗakinki tana ninke kayan da ta riga ta ninke.

In an yi hutun farko, ki hau mota ki je Damagaram, daga can ki nemi ta ƙauyenmu. Yayata, Gwaggonki Hajara, tana nan da rai, ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Ki durƙusa tun daga bakin zaure, kada ki miƙa mata hannu irin na nan. Za ta shafa fuskarki, za ta yi kuka, za ta kira ki Inna. Ki bar ta. Ni da farko tsoron soja ya hana ni komawa, daga baya tsoron kada in fita a rufe mini ƙofar dawowa, yanzu kuma ban san sunan abin da ke riƙe ni ba. Ina jin ƙanshin ƙasar can in an yi yayyafin farko, a nan cikin shago, tsakanin na'urar sanyaya ɗaki da ƙarar motoci.

Za ta tambaye ki yaushe zan zo. Duk shekara a waya ina ce mata baɗi in Allah ya so. Ke kada ki ce mata baɗi. Ki ce ba ki sani ba, amma kin bar ni ina tambayar kuɗin jirgi, don gobe in na dawo daga raka ki ofishin masu jirgi zan biya. Sannan ki zauna ki ci tuwonta, ki cinye, ki miƙa kwano a ƙara miki. Rabona ne za ki ci.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin mai sharri da sharrin gaggawa, ya buɗe miki abin da ke rufe, ya ba ki malamai masu tsoronsa da abokai masu faɗa miki gaskiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Na ba Allah ajiyarki, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. Ya sada fuskokinmu da alheri, a nan ko a can gida.

Wassalam,
Babanki